Mutum Sittin da Uku da Na Toshe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda zan dawo kansa kafin in sauka daga nan, saboda haka ina roƙonsa kada ya yi nisa. Shugabar ƙungiyar masu sana'ar hannu da 'yan majalisarta. Malaman da suka kwashe mako shida suna koya wa manyan yatsu danna ƙananan haruffa. Iyayenmu mata da suka cika layin gaba. Teloli da kafintoci, masu kitso da masu gyaran takalma, da masu walda da na hango can baya sun kama wuri kusa da fanka. Ku ɗaliban da za a miƙa wa takardar shaida yau. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya. Ina godiya ga ƙungiya da ta ga ya dace mai gyaran kujeru ya tsaya inda masana suka tsaya. Ina kuma godiya ta musamman ga Yayata, wadda ke zaune a layi na biyu tana harara ta, domin tun a mota ta gargaɗe ni cewa in na wuce minti goma sha biyar za ta tashi ta fita, kuma ita ce mai motar.

An ce in yi muku magana a kan yadda mutum zai sake sana'a, ya kuma tallata ta a shafukan sada zumunta. Dabarun waya malamanku sun fi ni sani nesa ba kusa ba. Abin da na zo da shi kuskure ne guda ɗaya, nawa na kaina, wanda nake tsoron da yawanku za ku yi, domin an gaya mini fiye da rabinku ma'aikatan albashi ne a da, kamar ni.

Shekara ashirin da huɗu na yi a ɗakin fayil na wani ofis. Ɗaki ne marar taga, mai kanta har rufi, kuma ko idona a rufe in ka faɗi sunan fayil zan miƙa hannu in zaro maka shi. Sai aka kawo kwamfuta, aka zuba fayilolin a cikinta, aka gode mini da takarda mai sa hannun Darakta. Na fito ina da shekara hamsin da ɗaya, da jakar hannu, da takalmi mai ƙyalli, ba ni da inda za ni gobe da safe.

Abu ɗaya na gada daga mahaifina, Allah Ya ji ƙansa: akwatin kayan aikinsa na kafinta. Akwai zarto, da gizago, da filaya, da guduma wadda ƙotarta ta lotsa daidai inda babban yatsansa ke zama. A gabansa na koyi gyaran kujera tun ina firamare. Yaya ta fitar da motarta daga gareji ta ce in shiga in gwada. Ita kuwa ta daɗe tana sayar da yadi ta waya, don haka ta zaunar da ni ta buɗe mini shafi, ta nuna mini inda ake dannawa a sa hoto.

To, a nan ne na nuna gwanintata. Tana tashi, na ɗauki wayar na bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, da irin tsarin da na saba a ɗakin fayil, na toshe duk wanda muka taɓa aiki tare. Na toshe kashiya, na toshe direbobi, na toshe masinja, na toshe mai shara, na toshe matan wasunsu don kada labari ya bi ta bayan gida. Mutum sittin da uku cif. Kunya nake ji, jama'a, ba zan ɓoye muku ba. Ina ganin in suka gan ni da singileti da ƙusa a baki za su ce, Allah sarki, dubi yadda duniya ta yi da shi. Shafin ma ban sa masa sunana ba, ban sa fuskata ba. Hoton kujera kawai nake ɗauka in sa, ita kaɗai a jikin bango, kamar mai jiran a yi mata hoton fasfo.

Wata huɗu ina haka. Na samu mabiya, ba laifi, amma duk baƙi ne daga garuruwan da ko a taswira ban san su ba. Wani ya rubuta mini cewa kujerar ta yi kyau, Allah Ya ƙara basira. Na gode masa, amma tsakanina da shi kwana biyu ne a mota, ba zai ɗauko kujerarsa ya kawo mini ba. A cikin wata huɗun nan aiki uku na samu, biyu daga ciki na Yaya ne, kuma ina zargin ɗaya da gangan ta karya.

Ranar da ta gano abin da na yi, ta riƙe haɓa ta dube ni ta ce, "Auta, wato shago ka buɗe, ka ja ƙofa ka sa kwaɗo, ka zauna a ciki kana jiran ciniki?" Na ce, "Yaya, ba za ki gane ba, ke ba ki taɓa aikin ofis ba." Ta ce, "Gaskiya ne. Shi ya sa har yau ba a sallame ni ba."

Na ji haushi, kuma na karaya. Na je wurin wani kafinta a bakin titinmu na ce masa ya zo ranar Asabar ya ɗauki akwatin mahaifina, na haƙura da sana'ar. Na faɗa da bakina, amma ina komawa gareji na ɗauki gudumar nan na sa yatsana inda nasa ya lotsa, sai na ji kamar tsohon zan sayar.

Ranar Alhamis da hantsi ina goge kayan don in miƙa su da tsabta. Ni kuwa ina da wata ɗabi'a, in hannuna na aiki sai in riƙa fito ban sani ba. Ashe wata mata ta zo sayen yadi wurin Yaya, tana tsakar gida ta ji fiton. Sai kawai na ga an ɗaga labulen gareji, na ɗaga kai, na ga Anti mai buga takardu ta ofishinmu, wadda ita ce ta huɗu a jerin waɗanda na toshe. Na nemi inda zan shige na rasa, domin gareji ƙofa ɗaya gare shi.

Ta ce, "Na rantse na san fiton nan. Likita, nan ka ɓuya?"

Bari in yi muku bayanin wannan suna. Duk shekarun da na yi a ofis, akwai sukundireba da filaya a cikin durowata. Kujerar wani ta yi ƙara, a kira ni. Ta wani ta karkace, a kira ni. Har suka sa mini Likitan Kujera, ni kuma ban taɓa ɗaukar abin a matsayin sana'a ba, taimako nake gani.

Na fara kame-kame ina cewa ai ɗan motsa jiki nake yi. Ta ce, "Rufe mini baki. Wata huɗu muna nemanka a waya kamar ka shiga ƙasa. Kashiya littattafai ya jera a ƙarƙashin tasa kujerar. Ni tawa in na zauna sai ta yi ta nutsewa da ni a hankali, kafin azahar haɓata ta kai tebur. Mu muna can bayanmu na ciwo, kai kana nan kana jin kunyarmu?"

Jama'a, ban taɓa jin faɗan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Ta tsaya a kaina, Yaya ta tsaya a ɗaya gefen, na ɗauki waya na bi sunayen nan ina buɗewa. Sannan Anti ta karɓi wayar ta ce in ɗauki kujera in gyara tana ɗauka. Na ce bari in sa riga. Ta ce a haka za a ɗauka. Bidiyon minti ɗaya ne, ga fuskata, ga singileti, ga ƙusa a baki, ina nuna yadda ake ɗaure ƙafar kujera mai girgiɗi. Na sa sunana a sama, na rufe ido na danna.

Kafin la'asar kashiya ya rubuta a ƙasa: "Wannan mutumin sau bakwai yana tayar da kujerata daga mutuwa." Direba ya rubuta nasa. Mai shara ta tura wa 'yan unguwarsu. Ba wanda ya ce Allah sarki, ko mutum ɗaya. Ranar Asabar kafinta ya iso da baro zai ɗauki akwati, ya tarar ba wurin sa ƙafa, kujeru har bakin ƙofa. Na ba shi haƙuri na ce na fasa. Ya dubi kujerun ya dube ni, ya ce to ko ina neman mai taya ni? Yau shekara uku muna aiki tare, ga shi can ya riƙe mini hula.

Daga wannan labari nake so in ciro muku abubuwa uku.

Na farko, ku fara da waɗanda suka san ku. Baƙo yana ganin hoto ne kawai, amma wanda ya zauna da kai shekara goma ya san ko kana cika alkawari, ya san ko kana da amana, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta fi hoto ɗari. Wanda bai san ka ba zai yarda da kai ne saboda wanda ya san ka ya yi magana. Ku da kuka baro ofis, ku da kuka baro aji, ku da kuka baro kamfani, kada ku ɗauka shekarun nan sun tafi a banza. Ba fayil kaɗai na tara a shekara ashirin da huɗu ba, na tara mutane, sai ga shi da hannuna na kulle su a waje. Kunyar da kuke ji, ku ne kaɗai kuke jin ta. Mutanen da kuke tsoro suna can suna fama da nasu kujerun.

Na biyu, ku nuna hannuwanku suna aiki. Tela ya nuna almakashi yana cin yadi, mai walda ya nuna tartsatsi, mai kitso ta nuna yadda take tsaga. Mutane suna son ganin yadda abu ya lalace da yadda ya gyaru. Kuma don Allah ku sa aikinku, kada ku ɗauko hoton aikin wani ku ce naku ne, domin ranar da mai kaya ya zo karɓa, waya ba za ta tsaya ta yi muku bayani ba.

Na uku gajere ne. Wanda ya yi muku magana a waya, ku amsa masa kamar ya yi sallama a ƙofar shago. Kada ku bar shi kwana uku a tsaye. In kuma wani ya zo da baƙar magana, ku ba shi amsa ɗaya mai ladabi ku koma bakin aiki, domin sauran jama'a suna kallon yadda kuka amsa.

Na ga Yaya ta fara duba agogo, saura kaɗan.

Wataƙila masu lura a cikinku sun lura ban ce na buɗe duka sittin da ukun ba. Sittin da biyu na buɗe ranar. Na ƙarshen, yatsana ya je kansa ya dawo. Shi ne Darakta, wanda ya sa hannu a takardar sallamata. Ba laifinsa ba ne, na sani, umarni aka ba shi daga sama, kuma ranar da ya miƙo mini takardar bai iya haɗa ido da ni ba. Amma zuciya ba ta karanta umarni. Bayan wata biyu motar ofis ta zo da kujeru goma sha takwas, da takardar ba da aiki. Na duba ƙasanta, na ga sa hannun nan da na sani, mai doguwar jela. Na yi aikin, na mayar, ban ce masa komai ba. Bara ya yi ritaya. Ashe shi ma kaji ya fara kiwo, an ce har yana sa bidiyonsu, amma ni ban taɓa gani ba, tunda na toshe shi.

Da aka aiko mini da katin gayyata na ga wanda zai shugabanci taron nan, na san ranar ta zo. Ba zai yiwu in tsaya in ce muku ku buɗe ƙofa ba alhali tawa da sauran sakata. Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe, ga wayata, ga sunanka, kowa ya shaida. Na danna. Sittin da uku sun cika. Ka yafe mini shekara ukun nan, kuma in an tashi ina son ƙwai kiret biyu. Kujerar da kake kai ma na ji tana ƙara tun ɗazu, a bar mini ita.

Ku kuma ɗalibai, kowannenku ya san sunan da ya ɓoye wa sana'arsa. Kada ku bari ku kai gida ba ku buɗe masa ƙofa ba.

Allah Ya sa albarka a hannuwanku da abin da suke yi. Allah Ya haɗa ku da abokan ciniki masu mutunci, Ya tsare ku daga ha'inci, naku da na wasu. Allah Ya saka wa malamai da ƙungiya da alheri. Allah Ya ji ƙan iyayenmu da suka bar mana sana'a, Ya ba mu ikon riƙe ta ba tare da sunkuyar da kai ba. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Yaya, na gama, zauna.

Na gode.