Ƙarfen da ke ƙuguna da bencin da nake roƙo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wanga zama, Alhaji Barmo, sarkin 'yan dakon kasuwar albasa ta Badaguishiri, Allah ya ƙara maka lafiya. Malam liman, Allah ya gafarta malam. Wakilin magajin gari, majo mai kula da gidan likita na garinmu, dattawanmu masu ɗinkin buhu da Baba Sanusi babbansu, iyayenmu mata da ke can bayan zana, masu lambu, direbobi, da abokan aikina 'yan dako, ina gaishe ku gaba ɗaya. Ga wanda bai san ni ba, sunana Mutari ɗan Hawa'u. Ku gafarce ni da na yi gaisuwa tsaye riƙe da sanda, yanzu za ku ji dalili.

Na gode da kunka ba ni fili. Na gode wa waɗanda sunka raka ni tasha, da waɗanda sunka shayar da lambun Inna wata uku ina kwance Yamai. Lakwal, wato makarantar boko, shekara uku na yi, jawabi ba aikina ba ne. Amma na ga wani abu da idona, na riƙe shi da hannuna, kuma ina so ku ji shi.

Na farko, ku tuna yadda anka fara. Ina da shekara goma sha takwas na faɗo daga saman kamiyo, babbar motar kaya, muna ɗaurin lodi. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinshi, amma kan ƙashin cinya, wancan dunƙulen da ke juyawa cikin ƙugu, ya riga ya mutu. Shekarar 1997 wasu likitoci baƙi sunka zo Yamai, anka kai ni. Sunka yanke mataccen kan ƙashi, sunka kafa na ƙarfe da doguwar jela cikin ƙashin cinya, sunka sa wani farin ƙoƙo na roba cikin ƙugu inda ƙarfen zai riƙa juyawa. Ni da na shekara ina jan gindi a tsakar gida, na sauko mota da ƙafafuna. Inna ta ga haka ta zauna ƙasa tana kuka. Har gobe ina mamakin wanga aiki, a buɗe mutum kamar buhu, a sa mashi gaɓa, a ɗinke, ya tashi ya tafi masallaci.

Ranar da anka sallame ni, likita ya yi magana ta bakin tafinta. Ya ce abin shina kai shekara goma, ko sha biyar, ko fiye in an lallaɓa shi. Ya ce ban da ɗaukar kaya mai nauyi, ban da tsugunno. Na ji da kunnena. Ba ni ɗora wa kowa wanga laifi.

Na biyu, abin da munka yi, ni da ku. Da na dawo, gari ya sa mani suna Mai Ƙarfe. Saminu, ga ka nan kana sunkuyar da kai, kai ne ka ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo kana manna mani ga ƙugu don ka gani ko zai kama. Da bai kama ba ka ce, "Kai, wanga ƙarfen Turawa ne, ya fi ƙarfin mayenmu." Munka yi dariya. To kun san yadda muke lodi: mutum huɗu su ɗaga buhu, ɗaya ya shiga ƙasa ya karɓa bisa baya, ya hau katako da shi zuwa cikin kamiyo. Wurin ƙasa shi ne wurin da kowa ke gudu. Sai ya zama duk buhun da anka cika har ya yi hula, a ce, "Ku kira Mai Ƙarfe, shi mi zai same shi? Mu nama ne, shi ƙarfe." Ni ko ina jin daɗi, wallahi ina jin daɗi. Yaron da ya ja gindi yau shi ake kira in buhu ya gagara. Shekara goma sha ɗaya ina ƙarƙashin buhu, kuma duk cikinmu babu wanda ya yi shakkar cewa ƙarfe ba ya gajiya, tunda garmar kakanninmu tana nan, ƙafar amalanke tana nan.

Bara da rani na fara jin ciwo ga matsematsi in na tashi daga zaune. Sai na lura takalmina na hagu ya daina cinyewa daidai da na dama, kuma ƙafar wandona ta hagu ta fara share ƙasa. Tela bai ƙara mata tsawo ba, ƙafata ce ke gajercewa. Majo ya dube ni ina tafiya daga ƙofa zuwa teburinshi, ya ce, "Mutari, koma inda anka yi maka aiki, kada ka jira kaka."

Na uku, abin da na gani can, wanda shi ya sa na roƙi wanga fili. Bayan aiki na biyu, likitan, wani ɗan ƙasarmu mai furfura, ya zo bakin gadona da abu cikin leda. Ya ce, "Buɗe hannu." Ya ɗora mani tsohon ƙoƙon roba da anka ciro daga jikina. Jama'a, kun san itacen da ke gicciye bakin rijiyar lambu, yadda igiyar guga ke cin shi har ta yi mashi kwari, alhali igiya laushi gare ta? Haka ƙoƙon nan ya zama. Gefe guda kauri kamar yatsa, gefe guda na ɗaga shi ga taga na hangi haske. Na ce, "Likita, ina sauran robar ta tafi?" Ya ce, "Tana cikin jikinka. Kowane taki da ka yi, ƙarfe ya goge ɗan gari wanda ya fi garin gero laushi, ido bai ganinshi. Jikinka ya ɗauka baƙo ne, ya tashi yaƙi da shi, cikin yaƙin ya cinye ƙashinshi na kusa. Shi ya sa jelar ƙarfen ta fara rawa."

Na juya ƙoƙon cikin hannuna. Jiki shina yaƙi shekara da shekaru cikin duhu, mai jikin shina kasuwa shina dariya bai sani ba.

Sai na ce mashi ina da kaka, Goggo Kande, ta haura tamanin, har yau tana zuwa itace bayan dutse, ba a taɓa canza mata komi ba. Ya yi murmushi ya ce, "Nata shina gyara kanshi kullum, shina zuba wa kanshi mai. Namu kwaikwayo ne. Mun zaɓi ƙarfe mafi kyau da muke da shi, mun goge shi har kana ganin fuskarka, amma daga ranar da munka sa shi yake fara ƙarewa." Malam liman, karatuna bai yi nisa ba, amma ran nan na ga ikon Allah ta hanya biyu: da ya ba ɗan Adam basirar ƙera gaɓa, da kuma ya nuna mashi iyakarshi ga ƙugun wata tsohuwa mai ɗaukar itace.

Na huɗu, kuma nan ne magana ta tsaya. Aiki na farko ya ɗauki awa biyu, na biyu awa biyar, da jini leda huɗu. Likita ya ce duk lokacin da anka ciro tsohon ƙarfe sai ya fito da ƙashi, kuma sabon ƙarfe sai ya samu ƙashin da zai kama. Ya ce, "Shekararka talatin. Wanga ma zai ƙare wata rana, ka sa haka ga ranka. In ka lallaɓa shi, na uku zai yiwu. In ka koma ƙarƙashin buhu ka cinye shi cikin shekara shida, ban san abin da zan samu in kafa wani ba." Ke nan abin da nake tsaro yanzu shi ne sauran ƙashin da Allah ya bar mani. In ya ƙare na koma ƙasa, kuma babu wanda zai sake tashe ni.

Don haka ina roƙon abu biyu. Ga 'yan dako: ku bar kirana in buhu ya gagara. Na san raina, in kunka kira zan zo, don haka ku taimake ni kada ku kira. Saminu, wurin ƙasa ya dawo gare ka, ka ji.

Na biyun ya fi nauyi ga bakina. Baba Sanusi, da ku dattawan rumfa, kowa ya san ɗinkin bakin buhu naku ne. Mutum sai ya gama dako, bayanshi ya tanƙware, kanshi ya yi fari, sannan a miƙa mashi basilla ya zauna tare da ku. Ni ban kai ba, ƙannena ma sun san ban kai ba. Ina roƙo ku sa ni cikinku tun yanzu. Kuma ko kun yarda akwai saura: ku bisa tabarma kuke zama, ni ko an hana mani zaman ƙasa. Sai benci mai tsawo. Ke nan yaro zai zauna sama, iyayenshi ƙasa, duk mai wucewa ya gani ya ce ɗan Hawa'u ya rasa kunya. Na juya wagga magana kwana da kwanaki ban samu wata hanya ba, shi ya sa na kawo ta gaban jama'a, don in kun ba ni, kowa ya san ku kunka ba ni.

Allah ya saka wa likitoci da alheri, ya ƙara masu sani. Allah ya tsare bayan kowane ɗan dako da ƙugunshi, ya sa albasar bana ta yi kyau, ya kai direbobinmu lafiya ya maido su lafiya. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya jiƙan waɗanda sunka riga mu.

Baba Sanusi, ranar kasuwa mai zuwa zan zo da bencina bisa amalanke, in tsaya bakin rumfarku. Ba ni sauke shi sai kun ce in sauke.

Na gode.