Jiragen da Aka Nutsar a Toulon

A tashar jirgin fito ta Toulon a Faransa, Madam Odile da wani dattijo suna zaune a benci ɗaya, sai wani jirgin yaƙi ya wuce.

"Kyan banza," in ji Odile. "Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojinmu da hannunsu suka nutsar da jiragenmu a nan. Mijina ya mutu a teku, su ko harsashi ba su harba ba."

"Da ba a nutsar da su ba, da Jamusawa sun ƙwace su, Madam," in ji dattijon.

"To, su fita su yi faɗa mana!"

"Mun roƙa, aka hana mu."

Ta juyo ta dube shi. "Kana cikinsu?"

"Shekara tara ina kula da injin jirgina. Ni aka sa na buɗe wa ruwa hanya."

Odile ta janye jakarta, ta ba shi wuri kusa da ita.

"Matso inuwa, bawan Allah. Rana na dukanka."