Sallamar da Ta Ƙi Sallamuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, shugabar ƙungiyarmu ta teloli, iyayenmu dattawa, 'ya'yan Baba Mai Gyara da suka taso daga nesa, 'yan uwana masu taka keke maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma, ina kuma gode muku da kuka rufe shagunanku kuka zo.

Jawabin bankwana aka ɗora mini, na kuwa shirya shi tsaf. Amma ga ni tsaye gabanku, ban sani ba ko bankwana zan yi ko maraba.

Da farko, abin da kowa ya sani. Baba ke gyara mana kekunan ɗinki tun wasunmu na koyon ɗinka maɓalli. Da idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa suka ce ya huta, shi ma ya miƙe a ɗakin nan ya ce in shekara ta ƙare ya ajiye aiki. Muka ɗauki sabon makaniki, ga shi can kusa da taga, ya baro wurin aikinsa saboda mu. Baba kuma ya rabar da kayan aikinsa, ko filaya bai rage ba.

Na biyu, abin da ba mu sani ba. Jiya muka je wurin lauyar ƙungiya don ta rufe yarjejeniyarmu da Baba. Ta duba ta ce, "Me za a rufe? Ai ta sabunta kanta." Na ce, "Ranki ya daɗe, wa ya sa hannu?" Ta ce babu. Na ce, "To wa ya sabunta ta?" Ta ce, "Shirunku." Ta nuna mana wani layi da ya ce in wa'adi ya gabato ba wanda ya rubuto cewa ya daina, to an ƙara shekara biyu ke nan. Na ce ai Baba ya faɗa a gaban jama'a. Ta ce faɗa daban, rubutawa daban. Jama'a, ni na taso na san magana ce ke ɗaure mutum. Jiya na ji shiru na ɗaurewa, magana kuma ba ta kwancewa, har yanzu kaina bai ɗauka ba.

Na uku, wanda ya fi rikita ni. Lauya ta ce abin da sauƙi: in mun yarda, Baba ya yarda, a sa hannu a rabu lafiya. Da safen nan muka same shi gida. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato har yanzu ni ne mai gyaranku?" Muka ce a takarda dai. Ya ce, "To ku bar ta yadda take. Tun da na zauna gida ba wanda ya neme ni ya ce wani abu ya lalace." Babbar 'yarsa ta ce, "Baba, idon fa?" Ya ce, "Kunnen na nan. In keke na ciwo ina jin kukansa."

Yanzu ga mu da masu gyara biyu: ɗaya da ido da kayan aiki, ɗaya da yarjejeniya. Ba mu da ƙarfin riƙe biyu, ba mu da fuskar sallamar ɗaya. Na ce wa lauya ko sabon za mu roƙa ya haƙura bayan shekara, tun da tasa ta shekara ɗaya ce. Ta ce mu dai kula, don daga ta Baba muka kwafe, layin nan na ciki.

Saboda haka ina roƙonku, don Allah, kowa in ya koma ya ɗauko takardar hayar shagonsa ya ba wanda ya iya ya karanta masa, tun kafin ita ma ta yanke masa hukunci yana barci.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya ba 'ya'yansa haƙuri, Ya ba sabon makaniki haƙurin da ya fi nasu, mu kuma Ya nuna mana mafita. Abincin da aka tanada na bankwana ne, amma a ci, ko na mene ne ya zama. Allah Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.