Ranar da Na Shayar da Bakasul

Talatar farko bayan ƙaramar Sallah na bar Kura. Da safen nan akwai zafi irin na bazara, hadari ya taso ta wajen Bunkure amma bai zubar ba. Kuɗin motata na kauɗar tumatir ne, buhun da Inna ta ajiye don damina. Ta sayar da shi ba ta shawarci kowa ba, ta ƙulle min a bakin zane duk da ina riƙe da jaka.

Aikin da na samu na tsaron sito ne a wani kamfanin gina hanya, can bayan Fatakwal. Rukayya, cikin ku yaran gidan nan ke ce kika taɓa tambayata ko da gaske ne ruwa yana kwana yana zuba a can. Yana kwana, yana wuni, har kaya su yi funfuna a jikin ƙusa. Matar da na kama ɗaki a gidanta kuwa ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Hajiya, wa ya ce ki shanya zane a igiyata?"

"Madam, ni ban je Makka ba tukuna."

"To ki je, amma ki kwashe zanenki."

Sitona yana jikin gareji. Shugaban makanikai wani dattijo ne, Oga Fidelis, mai ƙaramar murya da manyan hannuwa. A wurinsa na fara jin ana cewa "bak aksul". Direbobinmu 'yan Arewa sun mayar da shi bakasul, ni ma na bi su. Shi ne wannan ƙullutun ƙarfen mai kama da tukunya da ke tsakanin tayoyin baya. Sau nawa na ga a-kori-kura ta wuce da kwandunan tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan, ban taɓa tunanin akwai wani abu a cikinsa ba.

Wata ranar damina babbar a-kori-kurar manaja, mai taya huɗu a baya, ta ratsa ruwa har gindin ƙofa. Ta dawo tana kuka daga ƙasa. Oga Fidelis ya ɗaga ta da jak, ya fara kwance notin bakasul ɗin da ake zuba mai ta nan, sannan ya sassauta murfin. Ya ce kullum haka ake yi, kada ka zubar da tsohon mai sannan ka tarar ƙofar sabon ta ƙi buɗuwa. Man da ya tsiyayo cikin kwano ya zama kamar koko da madara, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwa ya shiga.

Na kawo masa galan ɗin man giya, sai ya yafito ni.

"Malama, durƙusa ki gani. Ba kullum ake buɗe shi ba."

Na tattare hijabina na durƙusa. Wallahi yara, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Wani babban faifan ƙarfe ne mai haƙora a karkace, yana sheƙi, a cikinsa kuma ga wasu ƙanana sun ciji juna. Ya sa hannu ya juya tayar dama gaba, sai na ga ta hagu tana komawa baya ita kaɗai, ƙananan nan suna zagaya juna ba ƙara. Ya ce su ne ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan mota za ta sha kwana. Na yi makaranta har difloma, ba wanda ya taɓa gaya min tayoyin mota ba gudu ɗaya suke yi ba. Na ce Allahu akbar a fili. Oga Fidelis ya yi dariya ya ce shi ma ranar da ya fara gani sai da ya yi alamar gicciye.

Ya wanke cikin tas, ya shafa gam, ya mayar da murfi. Sannan ya ce in kawo famfon ɗura mai. Famfon kuwa yana ɗaya sansanin kamfanin, ƙetaren rafin da ya cika. Manaja da kansa ya sa na bayar.

Shi manajan yana jiran motar don ya tari masu kamfani a filin jirgi. Da ya ji labari ya zo yana huci.

"Ina famfo?"

"Ranka ya daɗe, kai ka ce a kai wancan sansanin."

"Ni? Wa ke riƙe da mukullin sito?"

"Ni ce."

"To in motar nan ba ta tashi kafin azahar ɗinku ba, ki ajiye mukullin ki koma inda kika fito."

Ramin zuba man a gefe yake, ƙarƙashin mota, ba yadda za a karkata galan a wurin. Wani direba ya ce a zuƙo da baki ta tiyo. Da ya shinshina man sai ya tuna yana da uzuri.

Ni dai ina tsaye ina tunanin fuskar Inna. Can na hango siririn tiyon da magina ke gwada daidaiton gini da shi, rataye a bango. Ku da kuka tashi a bakin kanal kun san sauran. Tun ban kai Rukayya ba Baba ke tura ni ban-ruwa: ka nutsa bututu cikin ruwa ya cika, ka toshe baki da tafin hannu, ka tsallakar da shi kan gaɓa, ka saki. Ba mai sa baki.

Na roƙi mai dafa abinci ruwan zafi, na tsoma galan ɗin har man ya saki jiki, don da sanyi kamar zuma yake. Na juye a roba mai tsabta, na ɗora can saman bodin motar, na nutsa tiyon gaba ɗaya, na toshe da babban yatsa, na zuro shi ta gefen taya. Oga Fidelis yana kwance a ƙasa ya karɓa ya cusa a ramin.

Muka zuba ido. Man ya taho a hankali cikin tiyon, launin ruwan zinariya, kamar ba ya so. Har mai abinci ta fito da ludayi a hannu. An daɗe, sannan muryar dattijon ta fito daga ƙarƙashin mota.

"Ya kawo baki! Toshe, Malama, toshe!"

Ya ɗaure noti, aka sauke jak. Ya zagaya fili da motar, kukan ya ɗauke. Manaja ya shiga ya ja ƙofa, bai karɓi mukulli ba. Shekarun da na ƙara a sitona su ne suka gina ɗakin nan da kuke zaune a ciki.

Da yamma Oga Fidelis ya tsare ni wai sai na faɗa masa makarantar da ta koya min. Na ce gonar tumatir ce. Ya ce yana son ganin bututun da idonsa. Baba ba ya riƙe waya, ba ya kuma karanta boko, don haka na zauna na rubuta masa da ajamin da na kusa mantawa, cewa wani babban bakanike a Kudu yana roƙon a aiko masa da bututun ban-ruwa guda. Takardar ta yi mako a jakata, ina jin nauyin kada Baba ya ce don wannan na bar gida. Ranar Juma'a na je kasuwar 'yan gwari, na sami direban da zai koma Kura da kwanduna wofi, na damƙa masa.