Rabin Takwas na Madam

Keken ɗinkina na sayar na cika kuɗin jirgi. Ke Hafsatu, rufe bakinki, ni ma na yi ci-rani! Alƙahira na tafi, wajen gwaggona mai girki a gidan wani ma'aikacin jakadanci. Ita ta samo mini aiki a unguwar Ma'adi, gidan wata Baturiyar Suwidin mai 'ya ɗaya.

Ranar farko ta ce mini da Turanci, "Ki riƙa zuwa rabin takwas."

Na ce, "Takwas da rabi, Madam?"

"A'a, bakwai da rabi."

Ikon Allah! Ashe su awar da ke tafe suke kallo, wai an ci rabin hanyar zuwa takwas. Mai Turanci ya ce bakwai da rabi, su su ce rabin takwas. Bakwai da ashirin da biyar kuwa, wai saura biyar rabin takwas. Kai jama'a! Sai da ta zana mini agogo a takarda kafin ya shiga kaina.

Lissafi ya zauna, amma hanya fa? Ina can unguwar Arba wa Nus, ƙarshen gari, mota uku nake shiga. Kwandasta na ihun "yalla, yalla", motar ko motsi. Sau biyu na makara. A na uku Madam ta dubi agogo, babu faɗa babu harara, ta ce, "Koma gida. Gobe rabin tara mu yi magana."

Aikin nan shi ke biyan hayata, shi ke ciyar da Inna a Gusau. To, a garinmu in ka yi laifi me ake yi? Manya ake ɗauka a je ban haƙuri. Na kwaso Gwaggo, da Malam Isa, dattijon ɗaliban unguwarmu, da abokansa biyu, har da mai gadin benen. Rabin tara cif muna bakin ƙofa.

Tana buɗewa ta ja baya, ta tura 'yarta ɗaki.

Malam ya gyara rawani. "Baiwar Allah, yarinyar nan tamu ce, a yi mata afuwa."

Ba ta ko dube shi ba. Ta ce, "Rabi, su wane ne waɗannan? Wa ya ba ki izinin nuna wa baƙin maza gidan da 'yata ke kwana?"

"Girmama ki na yi, Madam."

Ta ce, "Na ga gidanki da nisa. Kiran ki na yi in mayar miki da lokacin zuwa aiki rabin tara. Yanzu ba zan iya ba ki makullin gidana ba."

Innalillahi! Na durƙusa, Gwaggo ta durƙusa, Malam ya shiga jawo aya. Duk durƙuson da muka ƙara, tsoronta ƙaruwa yake, har ta rufe ƙofa.

Wata biyu ina neman wani gidan ban samu ba, na dawo da jaka ɗaya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar da muke saukowa daga benen Madam ba, mu shida. Malam Isa, bawan Allah, da yake ba ya jin Turanci, yana ta tambayata, "'Yata, ta haƙura ko?"