Saje Haruna Ya Tsaya Mini

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

An kira ni maƙaryaci a gaban matata. Wani likitan soja ne ya yi mini haka, ranar da na je neman haƙƙina na wanda ya nakasa a bakin aiki. Na ce masa ciwon zuciyar nan a daji ya same ni. Ya ce, "Ƙarya kake, babu inda aka rubuta ka taɓa faɗuwa. Tsufa ne, koma gona."

Gona! Ni da ba na kai ƙarshen kunya ɗaya sai na zauna. Ƙafafu suka kumbura, magani ya gagare mu. Na dawo Tudun Wada, na daina zuwa sujada, kowa a gida tsorona yake ji. Matata Saratu ta sha wuya.

Gaskiya ba a rubuta ba. A cikinmu, in soja ya yanke jiki ya faɗi, abokansa kan rufa masa asiri don kada a sallame shi. Ni ma in na faɗi, Saje Haruna ne ke ɗaukata, ya raba wa sauran kayana, ya ce wa ofisa zazzaɓi ne.

Wata Lahadi Saratu ta durƙusa, ta jawo hannuna. Na ce, "Ubangiji, ni ban iya doguwar addu'a ba. Ka ba ni mai shaida ɗaya." Muna tashi ta ce, "Baban Ladi, Haruna fa?"

Muka same shi a Kwanar Dangora yana sayar da hatsi. Musulmi ne, ko salla ɗaya ba ta wuce shi. Na gaya masa in ya yi magana asirin kansa zai tona, suna iya taɓa fanshonsa. Ya yi dariya. "Kai Bulus! Bayana ya ɗauke ka, sai bakina ne zai kasa?"

Muka ɗaukaka ƙara. Haruna ya ƙame gaban manya ya ce, "Ranku ya daɗe, ni na ɓoye. In hukunci ne, ga ni." Namiji ke nan! Aka sake auna ni, aka amince. Yau ina samun magani. Halleluya! Na gode wa Allah. Kai da aka kora, riƙe Yesu, yana da mutane inda ba ka zata ba.

Ranar da aka amince ɗin, da za mu fita, sai ga likitan nan a baranda, ya miƙo hannu. Na ce, "Na yafe maka don Yesu ya ce in yafe, ba don raina ya so ba. Amma ga Saratu can tsaye. Je ka gaya mata mijinta ba maƙaryaci ba ne."