Na'ura Biyu, Bargo Ɗaya

Wata malamar makaranta ta daɗe a shagon kayan wuta tana kallon na'urar sanyaya ɗaki, irin ta jikin bango. Mijinta na jinya, zafi ya hana shi barci. Wani dattijo da ya zo sayen rimot ya matso kusa da ita.

"'Yata, ki saya kawai. Irinta ce a gidana."

"Baba, gidan haya muke. Mai gidan ba zai yarda a fasa masa silin a ja bututu ba."

"Wane silin? 'Yar huda ce a bango, ba ta fi bakin kofi ba. Injin mai ƙugi a waje yake zama. Ranar tashi ki kwance abarki."

"Ba ta damun mara lafiya?"

"Ko numfashinta ba zai ji ba. Kuma kowane ɗaki da sanyinsa. Ni ina son sanyi, iyalina ba ta so, kullum faɗa. Sai na sa biyu, kowa ya kama ɗakinsa."

Malamar ta yi murmushi. "Ashe ta raba ku."

"Ina! Ba a jima ba ta kinkimo bargonta ta dawo nawa, wai ba ta iya barci sai ta ji minsharina."

"Ke nan ɗaya ta ishe ku, Baba."

Dattijon ya sosa ƙeya. "Da na sani ai da tuni na fara minsharin da gangan."

Tana dariya ta yafito mai shago.